Mai Masauki a Ƙarƙashin Ruwa

"Lahiya lau, sai dai warin baƙo da nij ji tun daga tasha," in ji Zuliha, ba ta ko ɗago kai daga kifin da take juyawa a kan banda ba.

Wanda ke tsaye a kanta Usman ne, taubashinta, ɗan goggonta Delu. A Gaya ta Nijar aka haife shi, amma uwarsa gida ta dawo ta rasu, aka binne ta a Tungar Ɗangana, ƙauyen kakansu da ruwan Kainji ya haɗiye bayan an gina dam. Duk shekara Usman yakan gangaro Yelwa, ya shiga kwalekwale har daidai inda ƙauyen yake, ya yi wa uwarsa addu'a a bisa ruwa. Sai aka rufe iyaka, shekara biyu ba a ga ƙeyarsa ba. Zuliha ta yi kewarsa ƙwarai, amma da ta faɗa masa gara ta haɗiyi ƙaya.

"Ke har yau hayaƙi bai gama da ke ba?" ya ce. "Na aza in ishe an ɗaure ki cikin kwando da kihin ragon ruwa an yi Anacha da ke."

"Ni ɗiyar ƙasa ta, ba mai taɓa ni. Kai fa, bawana, wa ya buɗe maka ƙofa?"

"Bawan wa? Da takarda niz zo, irin ta manya."

Ya zaro ta daga aljihu. Zuliha ta goge hannu a zane, ta tsura wa hoton da ke manne ido.

"Wanga wa na? Awa kwaɗon da mota tat taka."

"Mai hoto yac ce in tuɓe hula in zare ido. Ga kuma katin allura, sai da sunka soke ni hannu biyu."

"Sun kyauta. Kada ka shahwa muna ciwon rowa irin na mutanen Gaya."

"Ku da kuka ba baƙo kan kihi ku ɓoye tsoka?"

Ta yi dariya. Shi bai yi ba, ya dai zauna a kan turmi yana kallon tafkin.

"Mai kakin nan na bakin iyaka yat tambaye ni wurin wa za ni, kuma ina yaka zaune."

"Kac ce mi?"

"Nic ce wurin Inna. Nic ce Tungar Ɗangana."

Hannun Zuliha ya tsaya a kan kifi. Wawan kirki, ta ce a ranta, ko ƙaryar ceton kai bai iya ba.

"Yad duba littahi, yac ce babu gari mai wanga suna. Nic ce akwai shi, gaba bakwai ƙasan ruwa. Yac ce wasa nika yi mashi da aiki. Wai mai masauki sai rayayye, mai gida bisa tudu. Dole nib ba da sunanki."

"To, ka gani! Gwamnati da kanta ta rubuta kai nawa na, har da hatimi."

"Ci gaba da murna. Saboda haushi kwana biyu yab ba ni, zuwa da komawa sun ci ɗaya da rabi. In nik ƙara ko wuni guda, ke za a nema, ni kuma ba ni ƙara shigowa. Motar la'asar zan bi."

Zuliha ta san zuwa Tunga da dawowa wuni ne cur. Abin ya yi mata ɗaci. Kakan mutum ne ya sare dajin nan ya kafa gari, yau jikansa sai an ƙidaya masa kwana kafin ya gaida kabarin uwarsa, kabarin ma an riga an ba ruwa.

Ta tashi ta shiga rumfa, ta fito da kwalba an toshe bakinta da totuwa.

"Riƙa, rago."

"Mi na wanga? Guba kika ba ni don ki gaji hulata?"

"Ruwan bisa Goggo na. Bara da bana ni nit tahi."

"Ke? Ke da ko wanki bakin gulbi sai an riƙa maki zane?"

"Na yi amai awa in mutu, masu jirgi na ta dariya. Kututturen giginyar ƙofar gida yana nan, shina leƙowa in ruwa ya ja. Na yi mata addu'a, na hwaɗa mata ɗanta bai manta ba, takarda ta tsare shi."

Usman ya juya kwalbar a hannu. Ya yi wata 'yar dariya, ya share ido da hannun riga ya ɗora wa hayaƙi laifi.

"Na yarda, Zuliha. Ni na bawa." Ya cusa kwalbar a aljihun da takardar take. "In sunka tambaye ni bakin iyaka mi nid ɗauko fa?"

"Ka ce masu garin da babu cikin littahi na. Su buga mashi hatimi in sun iya."