Ranar da Na Yi wa Surukina Gyaran Magana

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da kawuna ya raka ni unguwar Kwaciri gaida mahaifin Hafsatu, yarinyar da nake neman aure.

A lokacin na gama rubuta littafina na farko, ina ta fama da gyara. Kullum sai in je wani shagon buga takardu a Sabon Gari, in zauna da jan biro ina farautar "wato" da "ka gane" ina sokewa. Abin ya shiga jinina. Ko a adaidaita sahu nake, in mutum yana magana sai in ga kalmominsa suna shawagi a iska, ina tsince marasa amfani. (Har mafarki na taɓa yi wani ƙaton waƙafi ya biyo ni da gudu a shataletalen Bata.)

Muka zauna a kan darduma a falon Alhaji. Dattijo ne mai shago a Kantin Kwari, kuma kowa ya san ba zai ba da 'yarsa ba sai ga mai natsuwa. Turaren wuta na tashi, fanka na juyawa a hankali, Alhaji ya fara nasiha.

"Wato shi aure, ka gane ko, wato haƙuri ne. Wato..."

Na sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Daga nan ban san lokacin da na lula duniyar tunani ba. Falon ya zama farar takarda, muryar Alhaji ta zama layuka. Ga ni a bayan wani makeken tebur da ƙaton tabarau, Hafsatu na kawo mini shayi, jama'a sun yi layi ina sa musu hannu a littafi. Na ɗaga biro cikin ƙasaita.

"A cire wannan 'wato' ɗin, ya yi yawa."

A fili na faɗa, yatsana a sama.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Yaro, da ni kake?"

Kawu ya yi wuf ya ce, "Alhaji, zazzaɓi ke damunsa, tun jiya yake sambatu."

Alhaji ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Ku je ya warke tukuna."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wallahi na tsorata, domin na ga Hafsatu ta kuɓuce mini saboda kalma ɗaya. (Abin da Kawu ya faɗa mini a hanya ba zai rubutu ba.) Sai da takalminsa ya kusa cinyewa wajen zaryar ban haƙuri kafin Alhaji ya sauko.

An ba ni Hafsatu dai. Amma har yau in Alhaji yana magana a taron dangi, sai ya dakata ya juyo.

"Malam marubuci, akwai gyara?"

"Babu, Baba. A ci gaba."

Na dai koyi cewa takarda ce kaɗai ake yi wa gyara ta yi shiru. Maganar suruki kuwa, ko "wato" ce daga farko har ƙarshe, "haka ne, Baba" ita ce amsarta.