Rasuwar Lasifikar da Inna Baiwa Ta Zaɓa

Da zuciya cike da baƙin ciki, daga gidan da ya yi tsit tun shekaranjiya, ni Zayyanu Labbo, malamin gona a Argungu, a madadin mahaifiyata Inna Baiwa da ɗaukacin iyalanmu na Gulma, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar lasifikarmu, wadda aka fi sani da Ta Dama, babba a cikin tagwayen lasifikokin da ke haɗe da kwamfutata ta tafi-da-gidanka. Ta rasu ranar Talata bayan la'asar, a tsakar gida, a kan tabarma, tana tsakiyar magana. Shekararta uku da wata huɗu a hannunmu.

Marigayiyar ta shigo gidanmu a daminar 2006, kuma ba don nishaɗi aka kawo ta ba. A shekarar ne ƙanwata Nuriyya, autar Inna, ta bi mijinta ƙasar Sudan inda yake karatu. Inna kuwa kunnenta ya yi nauyi, in an kara mata wayar hannu sai ta ce iska kawai take ji. Sai Nuriyya ta riƙa naɗar muryarta tana aiko mini ta intanet, ni kuma in je Birnin Kebbi in kwaso a filashi in kawo gida. To, muryar kwamfutar ita kanta ba ta fi kukan sauro ba. Sau biyu ina kunna wa Inna, tana zaune tana kallon bakina, tana jiran a fara.

Shi ya sa na ɗauki Inna da kanta, na sa ta a mota har shagon Kalilu mai kayan lantarki a kasuwar Birnin Kebbi. Kalilu ya fara fito da wasu manyan lasifikoki biyu masu fitilu shuɗɗa, da wani akwati na uku da ake ajiyewa a ƙasa. Da ya kunna, har kwanukan shagon maƙwabcinsa suka ɗauki rawa. Inna ta yamutsa fuska.

"Wagga ganga ta, ba ɗiyata ba."

Ya kawo wasu 'yan ƙanana masu ruwan azurfa, waɗanda ba su buƙatar wutar bango, a jikin kwamfutar suke sha. Gaskiya su zuciyata ta so, don ba su da nauyi a kan babur. Inna ta tambaye ni ko an kunna.

Sai Kalilu ya durƙusa ya jawo wani yagaggen kwali daga ƙarƙashin kanta. Baƙaƙe ne guda biyu, ba kyau ba ado, ta dama ce kaɗai ke da maɓallin murɗawa. Ya haɗa, ya murɗa. Muryar Nuriyya ta fito fes: "Inna, ina kwana?"

"Lahiya lau, Auta," in ji Inna, kafin ta tuna inda take. Ta ɗora tafin hannunta a kan lasifikar, ta bar shi a nan har saƙon ya ƙare. Sannan ta dubi Kalilu ta ce, "Wagga ita ka magana. Ɗaure muna ita."

Marigayiyar ta kasance mai riƙon amana. Ba ta taɓa ƙara wa magana gishiri ba, ba ta taɓa rage ta ba. Da Nuriyya ta yi kuka a saƙon Sallar farko, kukan ta kawo mana yadda yake. Da ta yi dariyar yadda mutanen can ke karin kumallo da wake kullum, dariyar ta kawo. Ta kuma kasance ma'aikaciya marar ƙorafi. Ta bi ni Zauro da Ambursa a bayan babur, a naɗe cikin tsohon zanen matata Sauda, ta yi wa manoman shinkafa bayanin dashe a layi a ƙarƙashin itatuwan mangwaro, ta danne surutun mutum hamsin da kukan awakinsu. Aibinta ɗaya, kuma ba za mu ɓoye ba: duk sa'ad da waya za ta yi ƙara a kusa da ita, sai ta riga ta da "tattara-tat, tattara-tat," ta tona asirin duk wanda ya ce ya kashe tasa.

Ciwon ajalinta ya faro ne bara, ranar da ruwa ya rutsa da mu a fadamar Zauro. Zanen ya jiƙe, ita ma ta sha rabonta. Tun daga nan muryarta ta dishe, sai an dafa ta a baya take sakin magana. Daga baya wayarta ta soma kwancewa daga ciki, har sai an lanƙwasa ta an maƙale da abin shanya. Mun kai ta wurin Arzika mai gyaran rediyo a Argungu har sau uku. A zuwan ƙarshe ya buɗe cikinta, ya daɗe yana kallo, ya mayar da noti huɗun, ya ce a kai ta gida a lallaɓa.

Ranar Talatar na iso da sabon saƙo, wanda muka shafe wata tara muna jira. Inna ta zauna, ta ɗora hannunta inda ta saba. Marigayiyar ta yi gyaran murya, ta ce: "Inna, na sauka lafiya. An samu..." Sai wani dogon "ɗuuu," sai ƙaurin roba. Fitilarta 'yar koriya ta yi ƙifce sau biyu, ta tafi.

Ni na kara kunnena a jikin kwamfutar na ji sauran. Na juyo zan faɗa, Inna ta ɗaga mini hannu.

"Kai wanga, rufe bakinka. Daga bakin ɗiyata ni ka son ji. Wanda duk yar riga ta, ni da shi."

Yau kwana biyu ke nan. Duk gidan an san abin da aka samu, har suna an sani, ban da kakar jaririn. Sauda ta daina zama kusa da ita don kada fuskarta ta tona. Inna kuma ta sa an sayo turmin atamfa, ta hana a yanka, ta ce sai ta ji irin ɗinkin da za a yi.

Marigayiyar ta rasu ta bar 'yar'uwarta Ta Hagu, wadda lafiyarta ƙalau amma ba ta ƙara cewa uffan ba, domin ta cikin yayarta take samun wuta da magana. Ta bar kwamfutar, da filashi mai saƙo sittin da ɗaya, da abin shanya guda wanda ya yi jinyarta har ƙarshe.

Limamin unguwarmu ya tabbatar mana cewa ba ta buƙatar wanka ko likkafani. Za a ɗauki gawar gobe Juma'a da hantsi zuwa shagon Arzika, inda za a cire maganaɗisun cikinta a ba Sauda ta riƙa tara allurai. Ranar Asabar da safe ni da Inna za mu shiga motar Birnin Kebbi don neman magajiya, kuma ta ce ko shago goma ne sai ta saurare su ɗaya bayan ɗaya.

Ana karɓar gaisuwa a gidanmu na Gulma har zuwa lokacin. Masu zuwa su ɗaga murya, su tsaya ta wajen kunnenta na dama. Ta'aziyya kawai za a yi. Wanda ya san bakinsa ba ya riƙe barka, don Allah ya aiko da gaisuwarsa a rubuce.