Ka Ambace Ni, In Ambace Ka

Yau na yi asarar wanki da guga. Na ɗauko shaddar da nake ajiyewa don ɗaurin aure, na kafa hula, na rufe rumfata ta yadi a kasuwar Kwari daidai lokacin da baƙi ke fara shigowa sari, na hau adaidaita zuwa wani ofis don in ba da shaida. Na dawo ba a karɓi shaidar ba, ƙusar bencin ɗakin jira kuma ta yage mini gefen riga. Kafin ku yi dariya, ku tsaya ku ji abin da ya kai ni.

'Yata Ummakulsum tana da sikila. Duk wanda ya taɓa rungume yaro yana ihu da ciwon ƙashi, ba jini, ba kumburi, ba inda za ka danna ka ce ga wurin, ya san abin da nake nufi. A da asibiti ya zame mana gida na biyu, sai Allah ya haɗa mu da Dakta Muhibba. Likita ce mai bincike a wata cibiya da ba zan faɗi sunanta ba. Cibiyar ta kama mata 'yan ɗakuna a bayan tashar jirgin ƙasa, inda take duba yara masu sikila duk ranar Talata. Sauran ranaku gidaje take bi, daga lungunan Fagge zuwa benayen Sabon Gari, tana tambayar me yaro ya ci, ya sha ruwa sosai, akwai gidan sauro, yaushe ciwon ya tashi. Shekara da shekaru tana bin yaran nan, har ta san wanda nasa ke tashi da damina da wanda nasa ke tashi in jarrabawa ta zo. Rabon Ummakulsum da gadon asibiti tun tana firamare. Yanzu tana babbar sakandare, har gardamar siyasa take yi da ni.

Talatar da ta wuce Dakta ta tara mu iyaye, ta ce cibiya za ta rufe ɗakunan a ƙarshen shekara. Wai an auna ta, ba ta kai ba.

A cikinmu akwai Ujunwa, wadda kowa ke kira Maman Kelechi, mai gidan abinci a Sabon Gari. A Kano aka haife ta, in ranta ya ɓaci Hausarta ta fi tawa kaifi. Ta ce, "An auna ki? Da wane sikeli? Ai dole ki rame, Dakta, yawon gidajenmu ne ya cinye ki."

Dakta ta yi murmushi ta ce, "Ba jikina aka auna ba, Maman Kelechi. Mu masu bincike, in mun gano wani abu sai mu rubuta maƙala, a buga a mujalla. Ana ƙirga maƙalun. Sannan a ƙirga sau nawa wasu masu bincike suka ambaci aikinka a cikin nasu rubutun. Kwamfuta ta haɗa biyun ta fitar maka da maki. Makina ƙarami ne."

Na ce, "Me ya hana ki rubuta da yawa?"

Ta ce, "Malam Abdulmuminu, bincikena na bin yara ne suna girma. Ba zan san sakamako ba sai sun girman."

Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma kalma ɗaya ta tsaya mini: ambato. Na ce wa Maman Kelechi, in dai ambato ne ya yi ƙaranci, ai mu ne masu shi, sai mu kai musu har ofis. Ta ce ita ma abin da ke ranta ke nan. Ba mu gaya wa Dakta ba, don mun san hana mu za ta yi.

Ofishin yana da sanyi, Allah ya ƙara musu. Abin da ya fara tarbar mu a bango shi ne hoton shugaban cibiyar, Mai Girma Shehin Shehunnai, Garkuwan Mujallu, Rumbun da Ba Ya Cika, hoto mai girman ƙofar shago. A ƙarƙashinsa aka zaunar da mu har ƙafata ta yi tsami, sannan aka shigar da mu wurin jami'in da ke riƙe da awon, wanda zan kira Ma'ajin Alƙaluma, Allah ya ja zamaninsa.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, mun ji an ce Dakta Muhibba ba ta da ambato. Mun zo mu shaida cewa ni kaɗai, bayan kowace salla sai na ambace ta."

Maman Kelechi ta ce, "Mu kuma a coci, duk Lahadi sai an kira sunanta. Har fasto ya haddace."

Ma'aji ya cire tabarau ya dube mu kamar mun shigo masa da akuya. Ya ce, "A wace mujalla?"

Na ce, "Ba a mujalla ba, yallaɓai. A masallaci."

Ya ce, "Wannan ba ya shiga kwamfuta."

Sai ya juyo mana da fuskar kwamfutar, ya nuna wasu sanduna masu launi. Ta Dakta gajeriya ce, kamar guntun alli. Ta Garkuwan Mujallu kuwa ta kusa fasa saman gilashin. Ma'aji ya ce, da alfahari a muryarsa, bara kusan kowane mako sai da Mai Girma ya fitar da maƙala, alhali rabin shekarar a ƙasashen waje ya yi ta, yana halartar taruka. Na ce tabarkalla, yaushe bawan Allah yake barci? Ya ce irinsu ba sa barci. Ban yi musu ba, amma na taɓa ganinsa a talabijin wurin wani taro, idonsa a rufe, haɓarsa a ƙirji. Ƙila maƙala yake rubutawa.

Maman Kelechi ta ce, "To yaran da suka daina kwanciya a asibiti fa? Ina sandarsu?"

Ya ce, "Madam, babu gurbinsu a ma'aunin. Wanda ya rubuta ake ƙirgawa. Da a ce ɗanki mai bincike ne ya ambace ta, da ya shiga."

Ta ce, "Kelechi yana aji uku a firamare."

Ya ce, "To, Allah ya raya shi."

Ta miƙe tsaye ta ce, "Ai abin da ya kawo mu ke nan!"

A nan ne masinja ya buɗe mana ƙofa cikin ladabi, bencin ɗakin jira kuma ya yi sallama da rigata.

Kada wani ya ce ina gaba da awo. Da awo nake ciyar da iyalina. Kuma na yarda, in ka yi bincike mai kyau wasu za su kafa hujja da shi, hakan alama ce. Amma ranar da aka ce wa mutane da alamar za a ba su kujera da mota, ranar za su bar aikin su koma noman alamar. Mutanenmu kuwa, in an zo nan, ba su da na biyu.

Daga ofis muka wuce ɗakunan bayan tasha, muka tarar da Dakta ita kaɗai tana jera kwalaben magani. Muka ba ta labari. Ta riƙe baki ta ce, "Kun je can? Innalillahi." Sai kuma ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

Na ce ta fahimtar da ni yadda mutum ɗaya ke fitar da maƙala duk mako. Ta ce ba wuya. Duk ƙaramin ma'aikacin da ya yi bincike a cibiyar, sunan Mai Girma ne ke hawa gaba, ko bai karanta ba. Aikin da ya kamata ya zama maƙala ɗaya kuma sai a yanyanka shi ƙanana kamar tsire, kowane yanki a buga shi daban. Ambato kuwa, shi da abokansa na wasu cibiyoyi adashe suke yi: wannan ya ambaci wancan, wancan ya rama, kowa ya kwasa in layinsa ya zo.

Maman Kelechi ta ce, "Ke me ya hana ki shiga adashen?"

Dakta ta ajiye kwalbar da ke hannunta. Ta ce jiya Mai Girma ya kira ta a waya da kansa, wai ya ji halin da ake ciki, abin ya taɓa masa zuciya, kuma akwai mafita. Babbar maƙalar da take shirin fitarwa a kan yaran Fagge da Sabon Gari, aikin shekarunta gaba ɗaya, ta sa sunansa a farko, nata ya biyo baya. Sannan ta ambaci tsofaffin maƙalunsa a ciki. In ta yi haka, aikin ya zama na shugaba, babu mai rufe ɗakin da shugaba ke bincike a ciki.

Na ce, "Shi ma a kan sikila ya yi nasa?"

Ta ce, "Mafi shahara a cikinsu a kan minshari ne."

Ta zauna a bakin gadon gwaji. Ta ce tun da ta fara aiki take ƙin wannan abu, shi ya sa waɗanda ta koya wa aiki suka wuce ta. Ta ce, "Bai taɓa taka ƙafarsa nan ba. Bai san sunan yaro ko ɗaya ba. In na sa shi, na sa hannu a kan ƙarya."

Ni da na sa shadda da safe na tafi yaƙi da zalunci, kun san me na ce mata? Na tuna Ummakulsum tana ƙarama, tana cizon filo don kada ƙannenta su ji kukanta. Na ce, "Dakta, don Allah ki sa shi."

Maman Kelechi ta ce, "Ki sa shi, ki sa direbansa, in yana da kyanwa ki sa ta. Ɗakin nan dai kada a rufe."

Dakta ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta so ta yi dariya, hawaye ya riga ta. Ta share da gefen mayafi, ta ɗauki waya ta fita baranda. Muna jin ta tana cewa, "Ranka ya daɗe, na yi tunani. Na gode da wannan dama." Da ta dawo ta ce an ba ta tabbaci ɗakunan za su ci gaba. Babu wanda ya yi guɗa. Maman Kelechi ta rungume ta, ni kuma na tsaya ina kallon ƙasa, don ban san ko barka ake yi a irin wannan ko jaje ba.

Saboda haka, jama'a, nan gaba kaɗan za ku ji an ce wani babban masani ya shafe shekaru yana bin lungunan Fagge saboda yara masu sikila, kuma bincikensa ya gano alaƙar da ba wanda ya taɓa hangowa tsakanin ciwon ƙashi da minshari. Za a ba shi lambar yabo, sandarsa ta ƙara tsawo. Ku tafa masa, ya cancanta. In kun ga motarsa tana dawurwura tana neman hanyar ɗakin bincikensa ranar ɗaukar hoto, ku taimaka ku yi masa kwatance, baƙo ne.

Wani zai ce tsoro ne ya hana ni kama sunansa a nan. Wallahi ba tsoro ba ne. Gudu nake kada kwamfuta ta gani ta ƙara masa ɗaya.