Gangar Baba Kafaran

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tayar da gari guda da sanduna da gatura ba, duk a kan wata 'yar igiyar fata da tsawonta bai kai taƙi ba.

A ƙarshen shekarun saba'in aka tura ni koyarwa wani ƙauye kusa da Karofane. Ni ɗan Madawa ne, sabon malami, wato mushe kamar yadda ake ce mana, ina ganin babu abin da zai gagari mai takarda (har gashin baki na ajiye don a san na girma). Mako biyu da buɗe lakwal, wato makaranta, direktanmu ya ce kumandan, babban jami'in gwamnati na yankin, zai zo daga Buza, kuma ni zan shirya yara su yi masa tafiyar soja.

Gangar soja ɗaya ce a garin, ta Baba Kafaran, wani tsoho da ya yi sojan Faransa ya dawo da ita. Jikinta tagulla ne. A ƙasanta akwai zaga, wato siraran wayoyin da ke sa ta yi karrr idan an buga, a gefe kuma akwai ɗan ƙarfe mai noti da ke ɗame su. Sai da na yi sawu uku kafin ya yarda ya ba ni aro. Da zai miƙo mini ma bai sake ta nan da nan ba.

"Mushe, buga yadda kaka so," in ji shi, "amma kak ka taɓa ƙarhen ga."

Na ce to. Na kai ta gida na goge tagullar da toka da tsamiya har tana ɗaukar ido. Nan na ga wani ƙullin fata, baƙi ƙirin, duk maiƙo, naɗe da wannan ƙarfen. Na ce wallahi ba za a kai ƙazanta gaban kumandan ba. Na sa reza na yanke. Ƙarfen ya faɗo ƙasa gida biyu, zagar ta saki tana lilo. Na ɗan buga, sai gangar ta ce dum, kamar an bugi tulu.

Na zauna ina kallon ɓarnar da na yi. Kumandan jibi zai zo, ga shi na lalata abin da tsohon nan ya fi so a duniya. Maƙerin garin surukinsa ne, ba halin in kai masa. Washegari na kwance wayar birkin kekena na yi ta ɗaurawa ina murɗawa har yatsuna suka yi jini. Saura gwaji. A cikin gari ba dama, domin Baba Kafaran ya san muryar gangarsa. Sai na cusa ta a buhu, bayan azahar na hau dutsen da ke bayan gari, ina yabon kaina da dabara.

Abin da ban sani ba (ko an faɗa mini ban saurara ba) shi ne wannan. Lokacin kaka ne, gero ya nuna ba a girbe ba, makiyaya kuma sun fara gangarowa daga arewa sun sauka bakin tafki. Al'adar garin ita ce, duk wanda ya ga dabbobi sun faɗa gona, wannan dutsen yake hawa ya buga ganga ba tsayawa.

Ni kuwa na zauna na yi ta bugu. In ƙara murɗa waya, in ƙara bugu. Da na ɗaga kai sai na hango maza suna fitowa da gudu ta kowane lungu, wani da sanda, wani da gatari, mata na bakin darni suna salati. Sai da na ji wani ya yi ihu yana tambayar gonar wa shanu suka shiga, sannan na gane abin da na aikata.

Ba zan ɓoye muku ba, tsugunawa na yi bayan wani falalen dutse, na ce bari su gaji su watse. Amma ba su watse ba. Na ga samarin da ke gaba sun karkata sun nufi tafki, inda makiyaya bayin Allah ke shayar da dabbobinsu, ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Idan aka zubar da jinin wani yau, ni na zubar. Na rungumi ganga na gangaro ina tuntuɓe, ina ihun su tsaya, babu shanu, ni ne.

Aka tsaya. Maigari ya iso yana haki, ya dube ni sama da ƙasa.

"Mushe, to mi kaka yi bisa dutsi da ganga?"

A gaban iyayen yarana, da direkta, da matan da suka biyo baya, na faɗi komai, tun daga reza har wayar birki. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Sai ga Baba Kafaran yana ɗingishi. Ya karɓi gangar ya juya ta, ya daɗe yana kallon aikina.

"Ƙarhen ga ya karye tun ba a haihe ka ba," in ji shi. "Igiyar da ka yanke, ita ce gyaran nai."

Ya kwance wayata ya miƙo mini. Ya yanki maɗaurin takalminsa, ya jiƙa shi a baki, ya haɗa ƙarfen ya ɗaure. Ya ɗan taɓa fatar gangar da yatsa, ta ce karrr. A lokacin ne dariyar ta ɓarke, har da maigari.

Ni aka tura da goro in je in ba makiyaya haƙuri, domin sun hango taron har sun fara kora dabbobinsu. Ranar da kumandan ya zo, Baba Kafaran ne ya buga gangarsa da kansa, ni ina can bayan layi tare da 'yan aji ɗaya. Keken kuma wata guda na yi ina tsayar da shi da ƙafa.

Har yau, in na ga tsohon ƙulli a jikin kayan wani, komai dauɗarsa, sai in mayar da hannuna aljihu in tambayi mai shi.