Zinariyata a Buhun Masara

Wata shida na yi a ɗakin gwaje-gwaje a Zariya ina lulluɓe ƙananan ƙwayoyin roba, masu laushi kamar gari, da ƙurar zinariya, don su riƙa hanzarta haɗuwar sinadarai. Da hutu ya zo, ban yarda da abokan karatuna ba, sai na ƙulle ƙwayoyin a leda na taho da su gida Birnin Gwari.

Bakina ne ya ja mini, na ce akwai zinariya a jikinsu. A garin da ake haƙar ta! Daga ranar, duk wanda ya gaishe ni sai in ga da wata manufa. Na cusa ƙullin cikin buhun masarar Inna, ina yaba wa kaina dabara.

Ran Laraba na duba, babu buhu. Na tare Yaya Sani a tsakar gida.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Ina buhun nan?"

Inna ta leƙo daga madafa. "Wanda na kai inji jiya? Ai tuwonsa ka ci, har ka nemi ƙari."

Har yau in aka kawo tuwo, sai Yaya ya turo mini kwano ya ce, "Bisimilla, Malam. Kai ka san darajarsa."