Mutumin Da Ƙarfe Takwas Ke Jira

Duk kamfanin cika kwalaben ruwa babu mai ilimi kamar Sarkin Daƙiƙa. Shi ya rubuta manhajar da ke kula da injin. Kwalba ta wuce, bel ɗin da ke jan kwalabe ya tsaya, ƙofa ta buɗe, an danna jan maɓallin tsayarwa, nan take kwamfuta za ta dubi agogonta ta rubuta lokacin.

"Ku kuna ganin abu ya faru," in ji shi, "ni kuwa na san yaushe ya faru. Bambancin lebura da injiniya ke nan."

Ga shi bai taɓa makara ba. Shekara uku rajista na nuna ya zauna a kujerarsa ƙarfe takwas cif. Kawu makanike, wanda ke kwance ƙarƙashin injin tun bakwai, ya san sirrin: duk sanda Sarki ya iso, ko rana ta take, zai fara mayar da agogon kwamfuta takwas, da yamma ya turo shi gaba. Kawu bai taɓa tankawa ba. Shi da sifana yake hulɗa.

Ranar Talata bel ya tsinke. Kawu ya daka tsalle ya danna jan maɓalli, daidai sanda Sarki ya ajiye jaka ya gyara wa duniya lokaci.

Mai kamfani ta kira su ofis. Sarki ya shimfiɗa takardar rajista, ya gyara tabarau.

"Hajiya, bel ya tsinke tara da arba'in. Dattijon nan ya danna maɓalli takwas da daƙiƙa ɗaya, tun abin bai faru ba. Ya aka yi ya sani? Ko dai shi ya yanka, ko duba yake yi. Ko wanne ne, a sallame shi. Na'ura ba ta ƙarya."

Kawu ya tuna shekara ashirin da biyu da ya yi da injin nan, da ɗan yatsan da ya bari a cikinsa. Ya ɗora ɗaya daga cikin waɗanda suka rage a kan takardar.

"Hajiya, ni ban iya kwamfuta ba. Karanta mana layin nan."

Ta karanta. Katin shiga na Injiniya ya buɗe ƙofar waje tara da talatin da takwas. Injiniya ya zauna a kujera ƙarfe takwas.

"Injiniya," ta ce, "wa ke zaune a kujerarka kafin ka shigo?"

Sarki bai ko girgiza ba. "Ƙwazo ke nan, Hajiya. Hankalina kan riga jikina isowa."

"Madalla. Hankalin ya ci gaba da zuwa. Jikin ya huta a gida."

Kawu ya koma ɗaura bel. Katin Sarki ya buɗe ƙofa karon ƙarshe, kwamfuta, da har yanzu agogonta ke baya, ta rubuta: takwas da rabi. Ko a kora, bawan Allah bai makara ba.