Likitan Kabewa

Tun da Turawa suka kafa En'e, ba a yi duba-gari mai ilimin Malam Kabo ba a duk ƙasar Kankia da Kusada. Shi da kansa ya tabbatar da haka. Ba a kuma sami mai musu ba, don duk wanda ya musa, washegari akan ga tsutsa a randarsa.

Da aka tura shi kwas Katsina, sai ya dawo da sabon fanni, tausar jarirai. A can ya ga wata Baturiya tana shafa wa 'yar tsana mai. 'Yar tsanar ba a ba shi ba, amma mai hikima ba ya rasa dabara. Ya sayi kabewa, ya naɗe ta a zane, ya shiga ƙauyuka da ita. Mutanen Sukuntuni, da ba su san darajar ilimi ba, suka sa masa Likitan Kabewa.

Yakan ce, "Jama'a, kuna cikin duhu! Kun bar wa tsofaffi tausa. A Ingila uba ke yi. A ɗumama mai a tafin hannu. A fara daga cinya, a gangaro tafin ƙafa. Ciki a kewaya shi a hankali. Uban da hannunsa bai san jikin ɗansa ba, jahili ne!"

Sai ya murza kabewa. Tsakani da Allah ta amfana. Ta yi sheƙi, kuma ba a taɓa jin kukanta ba.

Malam ma uba ne. Matarsa Jamilatu ta tafi haihuwa gidan iyayenta a Dudunni, ta sami namiji, ɗan fari. Ran suna Malam ya aika da rago, ya ɓuya, yadda kunya ta tanada. Bai leƙa yaron ba, ba ya faɗin sunansa. Ingila da kunya ba su taɓa karo a kan Malam ba, kowacce da ɗakinta.

Ana nan aka ce Likita Bature zai zo rangadi Kusada, kuma a hannunsa zaɓen babban duba-gari yake, muƙami mai keke. Malam bai yi garaje ba. Ƙararrawar keken kawai ya saya.

Ranar, aka taru a ƙofar fada. Malam ya kwance kabewa. Bature ya ce ta bakin tafinta, ya yaba da kabewa, amma ya fi son jariri. Aka waiga, babu mai goyo ko ɗaya, don mata sun san hannun duba-gari ba ya taɓa abu ya bar shi ba tara. Aka tura dogari, Labaran. A bakin hanyar Dudunni ya tarar da ayarin mata sun sauka hutawa, ya karɓo jinjiri daga hannun wata tsohuwa, ya keto taro da shi. Tsohuwar ta maƙale a baya.

Malam ya karɓe shi a hammata, yadda ya saba. Yaro ya tsala ihu. Malam ya kwarara mai, yaro ya zame, ya tare shi da gwiwa. Ya kewaya ciki, ashe yanzu ya gama shan nono. Tumbuɗi ya wanke kakin Malam tun daga aljihu har maɓallin ƙarshe. Kabewa ba ta taɓa yi masa haka ba.

Amma gwani ba ya rasa ta cewa.

"Ranka ya daɗe, ka ga irinta! Yaron nan hannun uba bai taɓa sauka a jikinsa ba. Dubi ƙeya, dubi goshi, taurin kai ne na gado. A nemo mini uban, in ci tararsa a gaban jama'a, ya zama darasi!"

Bature ya ce haka ya dace. Labaran ya ɗaga murya, "Ina uban yaron ga?"

Taro ya dare. Tsohuwar ta fito, ashe Iyatu ce, uwar Jamilatu, wadda ta rako ɗiyarta ɗakin miji bayan wankan jego. Ta ja mayafi, ta juya wa surukinta baya, ta yi magana da dogari.

"Ɗan nan, mu ma gidan uban muka nufa, ka tare mu."

"To, wane ne, Iya?"

"Haba, ina ni ina faɗin sunan suruki? Ga shi nan riƙe da abinai."

Tafinta mutum ne mai amana. Bai rage wa Bature ko kalma ba, har ya maimaita masa ƙeya da goshi.

Keke ya tafi ga wani. Ƙararrawa tana hannun yaron, yana tsotsa. Kabewa kuwa Jamilatu ta yi miya da ita, kuma duk wanda ya ci ya shaida: ta tausu.